Kwanon da Mayen Ƙarfe Ya Kama

Shekara da shekaru ina jiƙa gyaɗa a ruwan gishiri kafin in soya a yashi. Gishirin nan ba ya barin kwano lafiya. Ko inoks ne, farin ƙarfen nan mai walƙiya, sai ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a gindinsa, gaba kaɗan ya fara yoyo.

Maigidana, mai sayar da goro, shi ke zaɓo mini kwanuka a kasuwar Rood Woko. Yana da mayen ƙarfe da ya ciro daga mataccen rediyo. In ya manna wa kwano ya kama, jabu ne, in ya faɗi, na ƙwarai ne. Duk layinmu a Zongo an yarda da hukuncinsa.

Da babbar 'yarmu ta samu aikin walda a ma'aikatar tankuna, abin da ta fara kawo mini shi ne kwano da ta haɗa da hannunta. Mai nauyi, ba walƙiya. Babanta ya laluba aljihu. Maye ya kama ƙam.

"An cuce ki, 'yar nan. Ɗora shi a babur ki mayar."

"Baba, ni fa na yi shi!"

"To, ke kika cuci kanki."

Na ga idonta ya ciko. Ta ce ƙarfe iri biyu ne aka cuɗa a jiki ɗaya, maye na kama ɗaya, ba ya kama ɗayan, kuma haɗuwarsu ce ke hana gishiri huda shi da wuri.

"Kamar furar gero da dawa?" na tambaya.

"Kusan haka, Inna."

"Ƙarfe dai ba fura ba ne," in ji shi.

Na ce a hankali, "Malam, bar shi ya kwana biyu. Ko kaji sa sha ruwa a ciki."

Na raba gyaɗata biyu, rabi a nata, rabi a sabon da ya zaɓo. Damina ta wuce. Kullum in zai fita sai ya leƙa nata, wai yana neman takalminsa. Nasa ya yi ƙuraje, nata ko tabo.

Ranar da nasa ya ɗiga masa ruwan gishiri a ƙafa, sai ya tura shi gefe. Da 'yar ta dawo daga aiki ya yi gyaran murya.

"Irin kwanon nan naki, ana yin babba? Na wankin goro nake so."

"Jabun, Baba?"

"Shi ɗin. Ki sa masa hannu biyu."