Jemagen da Ya Tayar da Babanmu

Kullum da safe, kafin masu shaguna su gama shara, za ka gan shi ya fito da tsohuwar jakarsa, guduma na leƙowa ta bakinta, fensir a bayan kunne. Aikinsa ɗaya ne, kafa manyan madubai a bango. Daga shagon aski zuwa ɗakin ɗinki, duk layinmu babu madubin da bai bi ta hannunsa ba.

Jemage ake ce masa, kuma ba ya fushi. In ya huda bango ya ɗaure ƙarafan da za su riƙe madubi, ba ya ɗora gilashin sai ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya ɗage ƙafafu ya yi lilo. Mutum da furfurarsa! Mai aski ya taɓa ce masa, "Haba dattijo, rufa wa kanka asiri, mutane na kallo." Ya ce, "Gara su yi mini dariya da su zo yi maka jaje." Telar kusa da mu kuwa har yau tana ba da labarin yadda ya ƙi taɓa bangon da ta zaɓa, don ya ƙwanƙwasa ya ji holoƙo ne, ga 'ya'yanta a ƙarƙashinsa suke wasa.

Amma ni ba ji na yi ba, gani na yi. Bara Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, ƙafar hagu ta yi nauyi. Likitar gashin ƙashi ta ce a samo babban madubi ya riƙa koyon taku a gabansa, in ya ci gaba da kwanciya kuwa, ƙafar ta tafi ke nan. Baba, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan motoci, ya juya fuska bango ya ce ba zai kalli abin da ya zama ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa, ni dama ba a raina ni wajen masifa. Duk a banza. Tsoro ya kama ni sosai, amma na yi ta maza na kira Jemage.

Ya shigo ya gaida Baba, ya ƙwanƙwasa bango, sannan ya ce, "Maigida, sai ka tashi in auna tsayinka. In na auna da wannan gajeriyar 'yar taka, kanka ba zai fito a madubin ba."

Baba ya ce, "Auna ni a kwance."

"Mai haƙa kabari ke auna mutum a kwance. Ni ba sana'ata ba ce."

Baba ya zazzaga masa faɗa da karkataccen bakinsa, ya huta, ya ƙara. Can sai ya miƙo hannunsa mai lafiya. Jemage ya sa kafaɗa ya tallafe shi, ya tsayar da shi jikin bango, ya ja layi da fensir saman kansa. Tun da ciwon ya same shi, ranar Baba ya fara tsayuwa.

Jemage ya huda, ya ɗaure ƙarafa, ya ƙara wani dogo a ƙasa na dafawa, ya yi lilonsa. Da madubi ya hau sai ya ce, "Maigida, idona ya tsufa. Duba mini, ya miƙe ko ya karkace?"

Baba ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo, ni kuwa hawaye kawai nake sharewa. Ya ce, "Madubi dai a miƙe yake. Ni ne a karkace."

"To nawa aikin ya ƙare, saura naka."

Wannan watan Jemage ya ajiye guduma. Kafaɗa ta ƙi, ya ce ba zai ɗora gilashi kan ƙarfen da bai gwada da jikinsa ba.

Jemage, kai ne dattijon da ya yarda a yi masa dariya don 'ya'yan mutane su kwana lafiya. Kai ne ka faɗi maganar da mu 'ya'yan cikinsa muka kasa faɗa. Ina alfahari da cewa a layinmu kake, kuma mun gode, Allah Ya ba ka lafiyar kafaɗa. Ku kuma matasan da ke ɗaure ƙarfe biyu ku karkaɗe hannu ku tafi, ku je ku zauna gabansa tun yana nan.

Baba ya ce in gaya maka har yanzu bai yafe maka maganar kabarin nan ba. Ya ce kar ka zo, shi zai tako da ƙafarsa har ƙofar gidanka ya faɗa maka da bakinsa.