Binnen Mai Amalanke

Jiya a bakin buro, wurin aikinmu nan Tasawa, mu huɗu muka duƙufa kan waya muna zagin wani mai zana labarin hotuna. Shekara uku muna bin labarin Mai Amalanke, jarumin nan da ke tashi sama da amalankensa yana ba mu dariya, sai ga shi an gama.

Wai ya tuɓe rigar jarumta, ya koma ƙauye. A hoton ƙarshe yana zuba iri cikin busasshiyar ƙasa, ko hadari babu.

Na ce, "An dai haukata mana shi."

Kawuna da ya zo daga Hawandawaki yana gefe, yana jiran in tashi aiki. Bai san labarin ba. Ya amshi wayar, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ɗana, ina haukar? Binne ne, shuka kafin ruwa ya sauka. Ni ma makon jiya na yi nawa. Da ya fidda rai, da bai taɓa irin da ke rumbunshi ba."

Dukanmu 'ya'yan manoma ne, amma ba wanda ya gane damina Mai Amalanke yake jira.

Ku da kuka karanta, mi kuka gani a hoton nan?