Kunyoyin Baba Simeon a Bakin Teku

Duk wanda ya san Baba Simeon a birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, ya san shi da abu biyu: motar 'yan makaranta da yake tuƙawa, da ƙorafin rashin gona. Mutumin Pankshin ne ta jihar Filato, da galma a kafaɗa ya tashi, sai ga shi Allah ya ajiye shi a saman bene a bayan titin Gate City Boulevard, inda duk ƙasar da ya mallaka ba ta wuce ta cikin tsofaffin bokitan fenti a baranda ba. A ciki yake shuka yakuwa da gauta. In ya bi ta ƙauyen McLeansville ya hangi filaye a kwance ba mai nomawa, har rage gudu yake yi yana tsaki, yaran da ke baya su ɗauka mota ce ta samu matsala.

Da aka yi hutun makaranta a watan Afrilu, sanyi ya kau, itatuwa sun fara toho, 'yarsa Prisca, ma'aikaciyar jinya, ta kama musu ɗan gidan hutu a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku. Gidan katako ne fari, ga kujerar lilo a ƙofa, ga ciyawa shar a gabansa kamar an shimfiɗa darduma.

"Baba, please, hutu muka zo," in ji ta. "Ka zauna, ka sha iska, ka kalli ruwa. Shi ke nan aikinka."

Ya ce to. Ya kuwa zauna, bawan Allah, har ya yi ƙoƙarin lilo. Amma washegari da asuba aka yi yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, kuma duk ɗan Filato ya san abin da wannan ƙamshin yake nufi. Prisca na barci, ya leƙa rumfar bayan gida, ya sami wata fartanya mai doguwar ƙota. Irin yakuwa kuwa dama ba ya rabuwa da aljihun jakarsa. A ganinsa alheri zai yi wa mai gida: fili ya cika da ciyawa ga damina ta kama, ai baƙon kirki ba ya zuba ido.

Da Prisca ta fito da kofin shayi, kofin ya kusa suɓuce mata. Rabin ciyawar nan ta zama kunyoyi miƙaƙƙu, ga mahaifinta a tsakiya yana waƙar coci.

"Baba! Oh my God! Wannan ciyawar shuka ta aka yi!"

"Shuka? Ciyawa?" Ya dube ta kamar ta zautu. "Wa zai ci?"

Ba a jima ba mai gidan ya iso, wani dattijon Bature mai suna Gregory, yana dogara sanda. Ya tsaya ya dubi kunyoyin, fuskarsa ta yi jajir. Ya bayyana musu da Turanci cewa ya daɗe yana wahala kafin ciyawar ta kama a wannan rairayi, kuma ita ce baƙi suke gani a hoto su kama gidan. Prisca sai ba da haƙuri take yi, kamar ta nutse don kunya. Ganin idonta ya ciko ne ya fi komai taɓa Baba Simeon. Ya cire hula ya ce laifinsa ne shi kaɗai, kuma da hannunsa zai gyara.

Haka ya baje kunyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da ɓawon ciyawar inda ya ɗauko, yana dannawa da ƙafa. Gaskiya abin ya yi masa ciwo. Rabonsa da ya ta da kunya tun kafin a haifi Prisca, kuma ga shi ko tsiro bai gani ba.

Gregory bai tafi ba. Yana jingine da shinge yana kallon yadda mutumin yake juya fartanya, ba gaggawa, ba tsayawa. Da aka gama ya yi gyaran murya ya ce su biyo shi. A bayan nasa gidan akwai wani fili da ƙaya da ciyayi suka cinye. Nan yake noman dankali a da, in ji shi, kafin gwiwoyinsa su ƙi.

"In noma kake so, ga shi nan. Ni zan riƙa ba da ruwa. Amma ka bar mini ciyawata ta zauna lafiya."

Baba Simeon ya durƙusa ya damƙi ƙasar, ya murza, ya shinshina. Ya ce, "Na gode, Mista Gregory, Allah ya saka."

Sauran hutun a nan ya ƙare. Prisca ta haƙura, ta ɗauko kujera ta zauna a inuwa tana auna masa lokacin shan ruwa. Ita da kanta ta ce rabonta da jin yana dariya haka tun rasuwar mahaifiyarta.

Ran Lahadi bayan sun dawo, 'yan coci suka kewaye shi ana yi masa barka da hutu. Wani ya tambaye shi yaya teku.

"Teku tana nan lafiya," ya ce, yana lalubo waya a aljihu. "Ku matso ku ga gonata."