Tarin Fuka, Yaya Ladi da Mutanen Waliyyi Yusufu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambaya ko lafiya. Lafiya lau, sai tsufa. Amma akwai maganar da na fi shekara sittin ina riƙe da ita a ciki, yau zan amayar.

A birnin Zariya aka haife ni, kusa da Ƙofar Doka, tun Turawa ba su tafi ba. Mu biyu ne wurin Inna, Yaya Ladi sai ni Asabe. Babanmu Malam Tanimu kafinta ne, kullum yakan hau keke ya tafi aiki Sabon Gari.

Yaya Ladi ce ta fara tari. Aka ce sanyi ne. Aka jiƙa saiwoyi, aka yi turare, tana ta ramewa har awarwaro na zamewa daga hannunta. Rannan ta tofar da kaki ta yi maza ta take da ƙafa, amma na riga na ga jinin.

Baba yana da abokin aiki, Malam Bulus, ɗan Katolika. Shi ya ce masa, "Malam Tanimu, wannan tarin fuka ne, kuma yanzu akwai allurarsa. Ka kawo ta wurin Sista a cocinmu."

Inna ta ce atafau. "A kai min 'ya gidan 'yan mishan su juya mata kai? Da wane ido zan dubi mutanen unguwa?"

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Aka yi ta jan ƙafa har damina ta wuce.

Yaya Ladi ta rasu ana girbin gero. Tabarma ɗaya muke kwana da ita.

Ba a jima ba ni ma na soma. Zazzaɓi da yamma, gumi, abinci ya fita raina. Wannan karon Inna da hannunta ta ɗaure min kaya. Ta ce, "Malam, ɗauke ta. Su faɗi abin da za su faɗa."

Ranar na fara fita bayan ganuwa, a bayan keken Baba.

Cocin ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano, ga ɗakin magani a gefe mai 'yan gadaje. Sista, wata Baturiya mai gurguwar Hausa, ta saurari ƙirjina, ta ba ni kwalba in tofa kaki, ta tura mu asibitin gwamnati aka ɗauki hoton ƙirji. Da ta ɗaga hoton ta ce, "Huhu ɗaya ya taɓu, ɗayan lafiya. Kun zo da wuri."

Baba ya ce, "To yayarta fa, Sista? Da mun kawo ta?"

Sista ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Kowace safiya allura, har ɗuwawuna suka kumbura na koma kwanciya rub da ciki. Ga ƙwayoyi masu tayar da zuciya. Kunnena ya yi ta ƙugi. Duk mako a ɗora ni kan sikeli. Matar da ke gadon kusa da ni ina gani aka lulluɓe ta aka fita da ita, na ce saura ni.

Matan cocin ne suka riƙe ni. Sun raba kwanaki tsakaninsu, yau wannan ta kawo abinci, gobe waccan ta yi wanki. Mama Saratu, matar Malam Bulus, ita ce mai kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai. Nama kuwa sai wurin mahauta Musulmi take saye, don hankalin Inna ya kwanta.

Na taɓa tambayarta, "Mama, me ya sa kuke wahala da ni, alhali ni ba taku ba ce?"

Ta nuna min wani hoto a bango. "Kin ga dattijon can mai kayan sassaƙa? Waliyyi Yusufu ke nan, sunansa cocinmu ya ci. Kafinta ne kamar babanki. A wurinmu, shi ya reni yaron da ba shi ya haifa ba. In muka ga ɗan wani a kwance muka wuce, ai mun ci amanar sunan. Shanye kununki."

Ba wanda ya taɓa ce min in bar addinina. In Inna ta zo dubiya, Mama Saratu ke kawo mata ruwan alwala, ta yi sallarta a gindin mangwaro.

Kuɗin allurar ya fi ƙarfin Baba. Fada, limamin cocin, ya ce a bar maganar, dama suna neman bencina. Baba ya ƙera musu bencinan da hannunsa a madadin kuɗin. Ranar bikin waliyyin nasu a kansu suka zauna, ana waƙa ana kaɗa ganga, aka fito da ni a kujera ina kallo. Ranar na fara cinye kwanon shinkafa tas.

An sallame ni da farkon damina. Na shiga soron gidanmu da ƙafata, na tarar da tabarmar nan tamu ni da Yaya Ladi a naɗe.

Daga baya aure ya kai ni nesa. Ko da na dawo na nemi Mama Saratu, an ce sun koma garinsu, ba wanda ya san inda suke. Ina godiya ga Allah, ina gode musu. In akwai jikanta da ke karanta wannan, ya sani kakarsa ta yi jinyar 'yar birni kamar ita ta haife ta.

Shawarata, tarin da ya ƙi tafiya, ko aka ga jini, a tafi asibiti a gwada kaki. A shanye magani har ƙarshe ko an ji sauƙi. A duba duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiya. Kuma kada bakin mutane ya hana ku, ba su za su yi muku zaman makoki a zuci ba.

Har ta koma ga Allah, Inna ba ta ƙara jin tari ta bayan katanga ta zauna ba. Mayafi take ɗauka, ta je ta ce a kai mai tarin asibiti.