Akwatin da Aka Liƙe da Dalma

Warin dalma ne ya tsayar da ni shekaranjiya a babbar kasuwar Garwa. Butar shayina ce ta ɓule, na kai ta wurin masu gyaran gwangwani, mai gyaran ya ɗora ƙarfensa mai zafi, wani siririn hayaƙi ya tashi, sai na tsaya cak ina kallonsa. Yaron ya ɗauka zafin rana ne, har ya turo min benci. Ban gaya masa komai ba, don ba labarin da ake bayarwa a tsaye ba ne. Kai dai da ka zauna kake karatu, bari in ba ka.

Na tashi a gidan kakana na wajen uba, a wata tsohuwar unguwa da ba ta da nisa da kogin Binuwai. Mahaifina ya rasu tun ban san dama da hagu ba, don haka Kaka ne uban gida, shi ne kuma limamin ƙaramin masallacin da ke jikin katangarmu. Malami ne na gaske, ba na rawani kawai ba. Mutane kan zo tun daga garin Pitowa da matsalar gado ko ta saki, ya warware musu kafin shayi ya huce. Ni kuwa amaryarsa yake kirana, irin wasan kaka da jika, in ce masa ba na auren mai haƙori biyu, ya yi dariya har ya nuna min su. Ina son tsohon nan kamar raina, kuma ina so ka riƙe wannan a zuciya kafin ka ji sauran.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana, tsakaninmu da rata mai yawa. Shi ne ɗan fari, ka kuwa san halin iyayenmu da ɗan fari. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. Amma ƙanzon tuwon da ya fi so ba ya taɓa kaiwa kwanon kowa sai nasa. Da ya gama makarantar boko aiki ya ƙi samuwa. Ya yi dako a gidan gurzar auduga, aikin da ke ƙarewa tare da lokacin kakar auduga, ya yi yaron mota, daga ƙarshe aka buɗe ɗaukar soja, ya je ya dace. Kaka ya dafa kansa ya sa masa albarka a gaban kowa. Inna kuwa ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Ba a daɗe ba rediyo ya fara ambaton Bakassi, wata ƙasa can kudu a bakin teku, wadda mu da maƙwabtanmu na Najeriya kowa ke cewa tasa ce. Mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, sai ga shi an tura yayana can da bindiga.

A nan kawuna ya shigo maganar. Wan Inna ne, ɗan kasuwa a Mayo-Oulo, yana tsallaka iyaka kamar yadda wani ke tsallaka kwata. Matarsa 'yar Najeriya ce, kuma cikin ƙannenta akwai masu sanye da kakin wancan ɓangaren. Duk zuwan da zai yi Garwa da kaya, bayan la'asar sai ya baje a tabarmar Kaka ƙarƙashin darbejiya, a kunna rediyo, a ɗora shayi, a buɗe gardama. Mu mata muna jiyo su ta bayan zana.

Hujjar Kaka ita ce ƙasa amana ce. Wanda aka shigo masa gida, shari'a ta ba shi damar ya kare kansa, kuma tsofaffin takardun iyaka sun nuna wurin namu ne. Shugaba ya kira, talaka ya amsa, ba laifi a wuyan talaka.

"Allah gafarta Malam, wa ya rubuta takardun?" in ji kawu. "Ba waɗanda suka ja layi suka bar gonar surukina a can, rijiyarsa a nan ba? Mai ne a ƙarƙashin ruwan nan, shi ake wa faɗa. In mai ya fito, ko na fitilarka ba za ka samu kyauta ba."

"Alhajin iyaka ke nan," in ji Kaka. "Kai ai ba ka son yaƙi ne don kada a rufe maka hanyar atamfa."

Sai a kwashe da dariya, a zuba shayi na biyu. Haka suka yi ta yi wata da watanni, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. Kawu ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba a zare haƙori, ga kotu can an ce an kai ƙara, me ya hana a jira ta? Kaka ya ce wanda ya jira alƙali da ɓarawo a ɗakinsa zai tarar da ɗaki wayam. Gaskiya daɗin gardamar suke ji. Faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, su kuwa sun manta da ruwansu a ciki tsundum. Wadda ba ta manta ba ita ce Inna, mai tankaɗe a bayan zana, wadda hannunta ke tsayawa cak duk sa'ad da mai labarai ya ce an yi musayar wuta.

Da bazara aka kawo yayana. In ba ka taɓa bazarar Garwa ba, ba ka san zafi ba. Kogi ya janye ya bar rairayi fari fat, randa ta zama kamar an ɗora ta a wuta, ƙadangaru ma sun daina gudu. Da hantsi wata motar soja ta tsaya a ƙofar gida. Suka sauko da akwati lulluɓe da tuta, suka ajiye a zaure. Na leƙa kafin a kore ni. Daga inda tutar ta zame na ga ƙarfe ne fari irin na kwanon rufi, an bi bakinsa duka an liƙe da dalma, kuma ya sha rana har yana fitar da wari irin na maƙera. Ban taɓa ganin an sa Musulmi a akwati ba sai ranar.

Hafsan da ya rako su ya yi jawabi da Faransanci, wani ɗan unguwa yana fassarawa. Ya ce yayana ya faɗi a bakin daga kamar namiji, ƙasa na godiya. Sannan ya ce umarni daga sama shi ne kada a buɗe akwatin. Kawu, wanda Allah ya sa yana gari, ya tambaye shi ko umarnin doka ne ko shawara. Hafsan ya ce shi dai ya isar, da zarar sun tafi gawa ta masu ita ce.

Cikin gida mata sun cika, an riga an ɗora ruwa, an aika a sayo likkafani da kafur. Inna na zaune ba kuka, ba motsi, kowa na yaba mata kunya da haƙuri. Sai kawai ta miƙe, ta ja mayafi, ta nufi ƙofar zaure inda maza suke. Matar da ban taɓa jin muryarta ta wuce tsakar gida ba. Goggonnina suka riƙe baki.

"Malam," ta ce, "ina roƙon arziki. A buɗe a yi masa wanka. Ni ba sai na gani ba, ga wana nan, ya gani ya gaya min shi ne."

Ina maƙale a bayanta, ina ganin Kaka sarai. Bai dube ta ba. Sai ya dubi kawu, irin kallon da yake masa a ƙarƙashin darbejiya in ya samo hujjar da yake ganin ta gama magana.

"Shahidi ne," ya ce. "Wanda ya faɗi a fagen fama yana kare ƙasarsa ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla. Da kayansa ake binne shi. A kashe wutar ruwan nan."

Kawu ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba a duk gardamarsu. "Malam, na bar maka gardamar, wallahi ka ci. Amma ka fi ni sanin wancan hukunci na yaƙin ɗaukaka addini ne. Wannan faɗan iyaka ne, kuma Allah kaɗai ya san ko wanda ya harbe shi ya yi asuba a ranar. In ba za a buɗe ba, a yi masa salla ko a akwatin ne."

"In na yi masa salla, na ce jikana ya mutu a banza ke nan," in ji Kaka. "Ba zan faɗa ba."

Shi ne liman, shi ne uban gida, shi ne kakan mamaci. Aka ɗauki akwatin aka fita da shi, aka wuce ƙofar masallacinmu ba a tsaya ba. Inna ta koma ta sauke tukunyar da hannunta, ta zubar da ruwan a gindin katanga. Daga baya kawu ya ba mu labarin maƙabarta. Sai da aka faɗaɗa kabarin don akwatin ya shiga, sannan mai haƙa ya tambaya ta wane ɓangare kai yake, don a fuskantar da shi alƙibla. Ba wanda ya sani. Sojojin sun riga sun tafi da tutarsu. Aka yi canke aka rufe.

Na girma, na yi aure, na yi karatun addini daidai gwargwado, kuma na nema wa Kaka uzuri iyakar ƙoƙarina. Wataƙila tsoron hukuma ya ji. Wataƙila ya lissafa nisan teku da Garwa a cikin wannan zafi, ya ji tsoron abin da za a tarar. Wataƙila kuma hannun da ya dafa kan yaron ne ke masa nauyi, shahada ce kawai za ta sauke masa. Duk na yarda zai yiwu. Amma da ya kira Inna gefe ya ce mata, 'yata, ina jin tsoron abin da ke ciki, wallahi da ta haƙura, mu ma da mun haƙura. Bai yi haka ba. Ya ɗauki gawar ɗanta ya kafa hujja da ita a kan surukinsa. Gwamnati ba ta taɓa yi mana alkawarin komai ba, ban yi mamakinta ba. Shi ne na ɗauka ba zai taɓa fifita maganarsa a kanmu ba, shi ya sa nasa ya fi min ciwo.

Inna ta ci gaba da dama masa kunu, da wanke masa rawani, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Kawu kuwa in ya zo sai ya gaisa a tsaye ya wuce cikin gida. Ni ma da Kaka ya kira ni amarya bayan an share makoki, sai na ce, "Na'am, Malam." Ya dube ni, bai sake kirana da sunan ba har ya bar duniya.

Shekaru suka shuɗe, na zama budurwa, Kaka ya tsufa tukuf, ido ya tafi. Ran nan rediyo ya ce kotun duniya ta yanke hukunci, ƙasar tamu ce. Matasa suka yi ta busa ƙahon babur a titi. Kaka ya ɗauki sanda ya shigo tsakar gida da ƙarfin da muka daɗe ba mu gani ba, yana cewa a aika Mayo-Oulo a gaya wa Alhajin iyaka, alƙalan duniya ma sun ce shi ke da gaskiya. Inna na tsince shinkafa. Ta ajiye faifan a hankali.

"Alhamdu lillahi, Malam, ka ci," ta ce. "To, tunda ashe da baki ma ana iya gama ta, me ya kashe min yaro? Kuma yanzu da aka gama, za a yi masa sallar?"

Ya tsaya yana taɓa ƙasa da sanda kamar mai neman hanya, sannan ya juya ya koma zaure. Ba a aika kowa Mayo-Oulo ba.

Yau darbejiyar nan babu ita, an sare an gina shagon cajin waya. Gardama kuma ba ta mutu ba, waya ta koma. 'Ya'yana kan zauna suna yanke wa yaƙe-yaƙen duniya hukunci da babban yatsa, wannan halal ne, wancan ya saɓa doka, su ma da zafi da dariya kamar waɗancan biyun. Ba na hana su. Har yanzu ni kaina ban san amsar ba. Kotu ta ce muna da gaskiya, kuma ban isa in ƙaryata kotu ba. Shugabannin sun daɗe da shan hannu, atamfa na shigowa, kawu ma ya aurar da jikokinsa can da nan.

Inna na nan a ɗakina, ta tsufa, ba ta fita. Duk rasuwar da aka yi a unguwa, ko ba ta san mamacin ba, sai ta tsare ɗana da tambaya in ya dawo daga jana'iza. Ba ta tambayar me ya kashe shi, ko wa ya bari. Tambayarta ɗaya ce, sahu nawa aka yi masa. In ya ce mutane sun taru har sun cika titi, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Uwarsa ta ji daɗi," ta juya fuska bango.