Ajin Bindigar da Na Buɗe a Dagenham

Kafin a laƙaba mini sunan da ake kirana da shi yanzu a bayan idona, ni mai gadi ne a wani babban kanti a unguwar Catford ta Landan, da lasisina na gaskiya rataye a ƙirji. Ba na sata, ba na shaye-shaye, Juma'a ba ta wuce ni. Na faɗi haka ne don ku matasa ku san ɓata-gari ba daga sama suke faɗowa ba. Ban zo neman tausayin kowa ba, kuma ba da sunkuyayyen kai zan ba ku labarin nan ba. Wanda ya ga dama ya saurara.

Tun ranar farko a kwas ɗin koyon gadi, malamar da ta koyar da mu ta faɗa mana ƙarara cewa a ƙasar nan mai gadi ba ya riƙe makami. Ba bindiga, ba wuƙa, ba kulki, har barkonon nan da ake fesawa a ido an hana. Makaminka idonka ne da bakinka da oba-obar da ke kafaɗarka. Ta ƙara da cewa babu wani aji da farar hula zai shiga a ba shi izinin ɓoye ƙaramar bindiga a jikinsa. Na ji, na rubuta jarrabawa, na ci. Amma a raina dariya nake yi. Ni da na tashi ina ganin maigadin layinmu da gora da adda, a ce namiji ya tsare dukiya da fatar baki?

Manyan mutanen gida masu zuwa ganin likita su suka fara ja mini rai. Kun san a gida babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mai bindiga a bayansa. In suka sauka Landan sai su ji kamar an cire musu riga. Wani Alhaji ya ɗauke ni in riƙa raka shi asibiti da kantuna a ranakun hutuna. Muna cikin mota ya dube ni ya ce, "Yaro, kana ɗauke da ƙarfe dai ko?" Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na dafa gefen kwat ɗina na yi murmushi. Da yamma na ji yana gaya wa abokansa cewa mai tsaron lafiyarsa yana da izinin bindiga, su ma suka nemi lambata. Daɗin da na ji ranar ya fi na albashi.

Abin da ke ƙarƙashin kwat ɗin nan gidan tabarau ne. Da shi na yi ta raka manya har na ji ya yi mini kaɗan, na nemo wata bindiga mai ƙara kawai, wadda ba ta fitar da harsashi. Nan 'yan'uwana masu gadi suka fara tambayata yadda aka yi na sami izini. Maimakon in ce ƙarya nake yi, sai na ce akwai kwas na musamman, kuma ni ma ina iya koyarwa. Na kama ɗaki a saman wani shago a Dagenham, duk Asabar ina nuna musu bidiyon Amurka, inda irin wannan aji yake da gaske. Na koya musu tsayuwa, da yadda ake ɓoye bindiga kada ta yi tudu a riga. Wanda ya gama in ba shi satifiket mai ruwan zinare da sunan makarantar da babu ita, in sayar masa da irin bindigata in ce ta koyo ce kafin ta gaske ta iso.

A cikin ɗalibaina akwai Haruna, mutumin zangon Kumasi, mai gadin wani sito. Yana da mata, Ramatu, da 'ya'ya mata biyu, kuma takardunsa na zama ba su kai ga na dindindin ba. Ni kuwa na riga na zama ɗan ƙasa. Shi ke zama a gaba, shi ke share ɗakin in an tashi. Wata rana ya tsaya bayan kowa ya fita, ya ce da irin Hausarsu, "Malam, matata ya ce in tambaye ka, wannan abu doka ya yarda?" Na ce ya gaya mata ta kwantar da hankalinta, ni ba na harkar banza.

Wata rana da safe aka kama shi a tashar jirgin ƙasa ta Abbey Wood, yana hanyar zuwa aiki. Ya sunkuya gyara takalmi, rigarsa ta ɗage, wani ya hango ya kira 'yan sanda. Suka zo da bindigogi na gaske suka kwantar da shi a ƙasa. Yana kwance yana ce musu su duba aljihunsa, yana da takarda. Da zuciya ɗaya yake faɗa, domin ya yarda da ni.

Lauyan da ya duba maganar Haruna ya yi mana bayani. Irin wannan bindiga, tunda ana iya gyara ta ta yi harbi, doka tana ɗaukarta ta gaske ce. Hukuncin daga shekara biyar yake farawa, in ya gama kuma a sa shi a jirgi, iyalinsa a nan shi a can. Wannan ban sani ba, na rantse. Amma na san ajin ƙarya ne tun daga ƙofa. Haruna kuwa ya kafe ya ƙi faɗin wanda ya koyar da shi, wai ba a kai ɗan'uwa gaban hukuma, balle malami.

Dattawanmu suka kira ni bayan Juma'a. Babbansu, wanda muke kira Baba Alhaji, ya ce, "Ɗana, a rufa asiri. In ka je ka yi magana, gobe jaridu su ce Musulmi suna koyar da bindiga a Landan, kowa ya shiga uku. Za mu haɗa masa lauya mai kyau, sauran a bar wa Allah." Ba zan ɓoye muku ba, sanyi na ji a raina. An ba matsoraci fatawar da yake so. Na koma bakin kantina na ci gaba da gaishe da masu sayayya.

Can Ramatu ta same ni, da rana tsaka, da goyon ƙaramar 'yarta. Na zaci zagi za ta yi, na ma fi son ta yi. Ta tsaya ta dube ni ta ce, "Mijina ya rufa maka asiri. Kai wa kake rufa ma?" Ba ta jira amsa ba ta juya. Na yi ta juya maganar, na ga ba al'umma nake rufa wa ba, ba addini ba. Kaina nake rufa wa, da bargon da aka ciro daga jikin 'ya'yan Haruna.

Na koma wurin Baba Alhaji na ce, "Baba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Ya ce in na je, kada in ƙara zama a majalisarsu. Na ce na ji. Na kira sauran ɗalibai na ce kowa ya nemi lauya ya miƙa tasa, sannan na kai kaina ofishin 'yan sanda da tawa bindigar da injin da nake buga satifiket.

A kotu na faɗi komai, har tambayar da Haruna ya yi mini da amsar da na ba shi. Alƙali ya ce an yaudari Haruna ne, ya yi masa ɗaurin talala, amma lasisinsa na gadi ya tafi. Ni aka wuce da ni gidan yari. Ba zan ƙawata muku wurin ba: ƙofa ce da ake rufewa daga waje, da abinci marar gishiri, da kewar da ke cin mutum kamar gara. Mahaifiyata ta rasu a gida ina ciki, ban ji muryarta ta ƙarshe ba.

Yanzu na fito, ina lodin kaya a wata kasuwar kayan gwari, domin gadi ya haramta gare ni. Abin mamaki, masu kau da kai in na shigo cikin jama'armu ba damfarar ce ke ba su haushi ba, zuwana wurin hukuma ne. To su ji da kyau. Na tuba ga Allah a kan ƙaryar da na yi, kuma zan mutu ina neman gafararta. A kan gaskiyar da na faɗa kuwa ba zan ba kowa haƙuri ba.

Ku matasa masu neman aikin gadi, duk wanda ya ce zai samo muku izinin ɓoye bindiga a ƙasar nan ɗan damfara ne, ni na san su domin kujerarsu na zauna. In babban mutum ya tambaye ku ƙarfe, ku buɗe baki ku ce babu, in ya ga dama ya nemi wani. In kuma aka ce ku rufa asiri, ku fara tambaya a kan wa rufin zai faɗo.

Na je neman gafarar Haruna a mahautar da yake aiki yanzu. Ya goge hannu ya ce, "Na yafe don Allah, amma kada ka zo gidana." Na ce ya yi daidai. Ina tsaye 'yarsa babba ta shigo da kayan makaranta, ta rungume shi tana ba shi labari da Turanci, ko kallona ba ta yi ba. Yarinyar nan yau a gida ɗaya za ta kwana da ubanta. Majalisar su Baba Alhaji kuwa ta riƙe kujerarta.