Ramar Kakata a Kan Soro

Abubuwa da yawa sun fara shige mini yanzu, har sunayen wasu da muka yi shekaru muna aiki tare sai na yi da gaske nake tunawa. Amma zancen ramar da kakata ta shuka a kan soronmu na unguwar Nuzla a Jidda, wannan kam ba na jin zai fita daga raina muddin ina numfashi.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Na samu aikin akawu a wani kamfani da ke fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Jidda. Su ne kafilaina, wato masu tsaya mini, iƙamata, takardar izinin zamana, a kansu take, kuma ba su tabbatar da ni a aikin ba tukuna. Ni kuwa tun ina ƙarami mutum ne mai fargaba. Ko tambayata aka yi ko gobe za a yi zafi, sai in ce da alama. Kakata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ba ta kirana da komai sai Malam Wataƙila, in kuma ranar wasa ce ta ce maigidana.

Da ƙafa ta zo ƙasar nan tana amarya, ta ratso Sudan, da ɗan ƙullin irin rama a bakin zanenta. Duk inda suka yada zango mai tsawo sai ta shuka, ta ci ganye, ta sabunta iri. A Jidda ma haka ta ci gaba, a cikin gwangwanayen mai da ta jera a kan soro, tana ba su ruwan alwalarta, don a lokacin ruwa saye ake yi. A shekarar da nake ba da labari, laimar Jidda ta shiga irin da ta adana ya ruɓe. Duk abin da ta shuka, 'yan tsiraru ne suka fito. Sai ta ce bana ba cin ganye, za a bar su su girma su yi iri. Na ce mata ai alhazai na iya taho mata da wani. Ta harare ni ta ce, "Su kai wa nasu kakannin. Wannan ta bayan ɗakin innata ce."

Abin da ban sani ba, duk da na tashi ina cin kwaɗonta, shi ne rama in ta yi tsawo ganyenta na sama kan tsage ya yi yatsu. Da can tun tana ƙarama ake tsinke ta. Wannan karon ta miƙe har ta wuce katangar soro, ana hango ta daga lungu.

Wata rana ina dawowa daga aiki, mai kantin bakin layinmu, wani dattijo mutumin kirki, ya jawo ni gefe. Ya rage murya ya ce, "Ya waladi, ɗana, ba ni na faɗa ba, amma mutane na cewa abin nan na kan soronku ya yi kama da ganyen hashish. Wani da ya yi aikin jirgi ya rantse ya san shi." Kowa ya san abin da wannan kalma ke jawowa a ƙasar nan. Na hango aikina ya tafi, na hango an sa mu a jirgi zuwa ƙasar da ban taɓa takawa ba. In faɗi gaskiya, har ni kaina na ɗan yi shakka, don ban taɓa ganin tabar wiwi da idona ba, ban san kamanninta ba.

Na hau soro na tarar da ita tana cire busassun ganye. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce mai yiwuwa zai fi kyau, in ba za ta damu ba, a ɗan duba yiwuwar sare su.

"Maigidana, faɗi maganarka kafin la'asar ta wuce."

Na faɗa mata. Ta yi dariya har tana riƙe katanga. "Ni? Da tsufana? Da hashish nake nomawa ai da tuni na sake ka na auri mai mota."

Da ta ga ban yi dariya ba, sai ta kamo hannuna ta ɗora a kan wani kwanso. Kore ne shar, da ƙaiƙayi a jikinsa. Ta ɓare ɗaya da farce ta nuna mini 'ya'yan ciki, farare masu ruwa. Ta ce, "Ka gani? In an sare yau, wannan ko kaza ba za ta ci ba. Sai kwanson ya bushe ya yi ja, ƙwayar ta yi baƙi ta yi tauri. In ka kaɗa ka ji tana magana, to ta nuna. In kuma ka yi sake ya buɗe baki da kansa, ta zube ka rasa."

Na ce yaushe ke nan. Ta ce, "Tambaye ta."

Ban sare ba, ban kuma samu kwanciyar hankali ba. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai in hau in kaɗa kwanso a gefen kunnena, shiru. A ofis ko ƙofa aka buɗe da ƙarfi sai in zabura.

Ranar wata Alhamis da hantsi, umda, wato mai unguwarmu, ya yi sallama da askari, wato ɗan sanda, a bayansa. Kakata ta ja mayafi ta ce, "Ahlan, yalla ku hau, amma a hankali, matakalar ta girme ku." Allah ya sa a safiyar nan wasu furanni na ƙarshe sun buɗe, masu ruwan ƙwai da ja wur a tsakiya. Askarin ya tsaya yana kallo, ya murza ganye ya shinshina, ya ce wannan fure kamar na bamiya, wato kuɓewa. Kakata ta tsinko ganye ɗaya ta miƙa wa umda ta ce ya tauna. Ya tauna, tsamin ya sa ya runtse ido, mu duka muka yi dariya, har da askarin.

Na ɗauka an gama. Sai umda ya goge baki ya ce, "Ya hajja, ni na yarda. Amma bakin mutane ba ya tauna ganye. Gobe wani zai kai maganar inda ta fi ƙarfina. Ki sare yau, shi ke nan, kowa ya huta."

Kakata ta dubi gwangwanayen nan, ta kama bakin mayafinta tana murzawa. A hankali ta ce, "Ba ta nuna ba."

Umda ya juyo gare ni. "Kai ne namijin gidan, kai ka yi karatu. In ka tsaya mata, in wani ya zo da magana sunanka zan bayar, kamfaninku ma sai sun ji. Ka tsaya?"

Wallahi na ji "wataƙila" ta taso har maƙogwarona. Na san abin da hankali ke cewa, don shi na saba bi. Amma na dubi hannun nan nata a bakin mayafi, daidai inda ta ce ta ƙullo irin tun kafin a haifi mahaifina. Sai na ji bakina ya ce, "Na tsaya. Rama ce. Ba za a sare ba sai ta bushe."

Umda ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan," suka sauka. Kakata ba ta ce mini na gode ba. Cewa ta yi, "Ashe akwai miji a gidan nan. To na fasa auren mai mota."

Ba zan ce tsoro ya sake ni ba. Na rame a makonnin nan, kuma kullum ina jiran a kira ni ofishin manaja. Ba a kira ni ba. Ko maganar ta mutu ne a hannun umda, ko askarin ne ya kashe ta, har yau ban sani ba. Abin da na sani, wata safiya na hau kamar kullum, na kama wani kwanso da ya yi ja, na kaɗa, sai na ji ƙas-ƙas a ciki. Na ƙwala mata kira kamar gobara ta tashi. Ta hau tana haki, ta saurara, ta ɓare ɗaya a tafin hannuna, ga ƙwayoyi baƙaƙe masu tauri. Ta ce, "Kawo wuƙa." Muka sare, muka shanya a kan tabarma, ƙaiƙayi ya cinye mini hannuwa ban damu ba. Da sabon ganye ya fito a shuka ta gaba, kwanon kwaɗo na farko da ƙuli-ƙuli gidan umda ta aika, na biyu kuma wajen mai kanti.

Ta rasu bayan 'yan shekaru. Irin yana nan a wurina, ina sabunta shi, kuma jikokina da Larabci ya fi musu sauƙi a baki sun san a kaɗa kwanso a saurara. Har gobe ni mai taka-tsantsan ne, ban canza hali ba. Sai dai na koyi cewa tsoro kullum yana so a sare abu yau don a huta, alhali ba hutun mutum ke nuna lokacin girbi ba. Kuma akwai ranar da wanda kake ƙauna ba ya bukatar komai daga gare ka sai kalma ɗaya tsayayya, wadda babu wataƙila a cikinta.